Tambaya da Amsa: Me Zan Ci a Gidan Abincin Sinawa na Unguwarmu a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ba mu daɗe da tarewa a Katy ba, a gefen birnin Houston na jihar Texas, ni da maigidana da yara uku. Duk ranar Asabar yaran sai sun matsa a fita cin abinci a waje. Kusa da mu akwai gidajen abincin Sinawa biyu, ɗaya babba ne irin wanda ake biya sau ɗaya a ɗebi iya ci, ɗaya kuma ƙarami na mata da miji. Akwai kuma na 'yan Meziko da wani mai sayar da burga. Na tambayi matar ƙaramin ko abincinsu halal ne, ta ce mini babu alade a cikin kaza. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Maigidana kuma yana da hawan jini, an ce masa farin magi ya yi yawa a abincin Sinawa. Me za mu ci, me za mu bari? Kuma tukwicin da ake bari a tebur dole ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Barka da zuwa, Allah ya sa kun zo a sa'a. Aikina ya shafi tsaftar abinci da yadda ake sarrafa shi a kicin ɗin gidajen abinci, don haka zan gaya miki abin da ke shiga tukunya. Hukuncin shari'a kuwa na malaminku ne, amma shi ma ba zai iya ba ku fatawa mai kyau ba sai kun kai masa bayanin abin da ke cikin kwanon.

Matar nan gaskiya ta faɗa miki iya fahimtarta. Tambayar ce ta yi mata faɗi. A wurinta halal na nufin babu yankan naman alade a farantinki, ba ta tunanin romo ko man suya ko abin da aka jiƙa kazar a ciki tun safe. Saboda haka ki daina tambayar ko halal ne, ki riƙa yin ƙananan tambayoyi waɗanda mai girki zai amsa da e ko a'a.

Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne jerin abincin waɗannan ƙananan gidaje kusan iri ɗaya ne daga Texas har New York, kuma tarihi ne ya jawo haka. Sinawan farko da suka zo Kalifoniya neman zinariya wajen 1849 yawancinsu 'yan lardin Guangdong ne. Bayan dokar 1882 da ta hana ma'aikatan Sin shigowa, sana'ar wanki da ta abinci ne suka rage wa da yawansu, sai suka riƙa girka abin da Ba'amurke zai saya: mai zaƙi, mai kauri, soyayye. Hatta kazar nan ta General Tso da yara ke so, wani kuku ɗan Hunan mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙiro ta a Taiwan a shekarun 1950, ta iso New York a farkon shekarun 1970, aka ƙara mata sukari. Idan kika koyi karanta jeri ɗaya, kin koyi na dubban gidaje.

Mu fara da alade, domin yana ɓuya a inda sunan abincin bai ambace shi ba. A girkin Sinawa shi ne naman yau da kullum, yadda ba a ganin buƙatar a faɗa. Egg roll, wannan naɗaɗɗen soyayyen da ake haɗowa kyauta da abincin rana, galibi akwai niƙaƙƙen alade a cikin kabejinsa. Wonton da dumpling, wato ƙullun fulawa da ake cusa nama a ciki, cikinsu alade ne sai in an rubuta akasin haka. Miyar hot and sour sau da yawa da siraran yankansa a ciki. Duk soyayyiyar shinkafa ko taliyar lo mein da aka kira house special ko combination, kaza ce da jatan lande da jan gasasshen alade a haɗe. Wanda ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne mapo tofu: mutum ya ga awara ya saki jiki, alhali da niƙaƙƙen nama ake yin miyarta, kuma a nan yawanci na alade ne. Haka soyayyen koren wake irin na Sichuan.

Sai romo. Kowane kicin yana da babbar tukunya da ke kan wuta tun safe, daga cikinta ake ɗiban ruwan miya da na haɗa miyar da ake juya nama a ciki. Wasu ƙashin kaza kaɗai suke sawa, wasu suna haɗawa da ƙashin alade. Wannan tambaya ce ta kai tsaye: romonku na kaza ne zalla? Ki kuma tambayi man suya, domin a ƙaramin kicin tukunyar mai ɗaya ko biyu ce, a ciki ake tsoma egg roll, a ciki ake tsoma fukafukan kaza da jatan lande. Kaskon nan mai zurfi da suke kira wok ya fi sauƙi, don dama ana ɗauraye shi da ruwa da burushi tsakanin girki da girki, kuma idan kika roƙa a wanke shi sosai kafin naki, ba wani aiki ba ne.

Maganar giya ita ce ta fi wuyar kaucewa, kuma a nan nake so ki natsu. Akwai giyar shinkafa ta girki, wadda aka fi sani da Shaoxing, da ake amfani da ita ta hanya biyu. Ana ɗan zuba ta a kasko lokacin suya, wannan kina iya cewa a bari. Amma ana kuma jiƙa yankakken nama a cikinta tare da farin ƙwai da sitacin masara tun kafin a buɗe shago, abin da ke sa kazar ta yi laushi da santsi ke nan. Wannan ba ya ciruwa, ko mai girki ya so. Kada kuma a ce miki wuta na ƙone ta duka. Jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa, kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba yana nan, suyar wok kuwa ba ta wuce 'yan mintuna. Ba kowane gida ke sa giya a jiƙon nama ba, shi ya sa sai an tambaya. Baƙin ruwan waken soya shi ma, wanda aka yi ta hanyar tsimawa, yana ɗauke da 'yar barasa da ke samuwa daga tsimin kansa. Malamai sun yi magana a kan irin wannan kuma ra'ayinsu ya bambanta, ki haɗa da shi cikin abin da za ki kai wa malam.

Kazar da naman sa kuwa, in ba a rubuta halal ba, daga dillalan nama na gama-gari suke, ba yankan Musulmi ba. Musulmin Amurka sun rabu a kan cin irinsa, kowa da hujjarsa. Idan gidanku na masu tsayawa a kan yanka ne, abin da ya rage muku a ƙaramin gidan nan shi ne kifi, jatan lande, awara, ƙwai da ganye. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya ba mu da takura a kan abin da ya fito daga ruwa, wannan kuwa ya buɗe muku abinci da dama a jerin.

Ga abin da ni zan saya wa iyali a irin wannan wuri. Ki duba can ƙarshen jerin, yawanci akwai sashen abincin da aka turara, ana kawo miyar daban a ɗan kofi. Jatan lande da brokoli a turare, farar shinkafa, awara da ganye da aka juya da tafarnuwa da citta a mai sabo, soyayyiyar shinkafa da ƙwai da kayan lambu ba nama. Ki ce a yi miyar da ruwa maimakon romo. Idan suna da kifi sukutum da ake turarawa da citta da ganyen albasa, ki gwada, a ganina ya fi duk soyayyun kajin nan daɗi nesa ba kusa ba.

Tsakanin gidajen abincin Sinawan nan biyu, ƙaramin nake ba ki shawara. A babban an riga an dafa komai, ba wanda zai canza miki, kuma cokalin da wani ya ɗebi haƙarƙarin alade da shi yana iya komawa cikin shinkafa. Ga kuma batun zafi: ƙa'ida ita ce abincin da aka ajiye da zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 135 a ma'aunin Fahrenheit, wato 57 a na Celsius. Tiren da ba ya tururi, ko wanda samansa ya bushe, a bar shi. A ƙaramin gida kuwa sai kin yi oda ake ɗora kasko. Ki je wajen ƙarfe uku na rana ranar aiki, lokacin da ba cunkoso, ki rubuta buƙatunki a takarda: ba alade, ba kitsen alade, ba romon alade, ba giyar girki. Ki sa wayarki ta fassara zuwa Sinanci, domin sau da yawa mai girkin ba ya jin Turanci sosai, matar da ke gaba ce ke isar masa da saƙo. Idan kuka zama 'yan gida, da kin kira waya za ta gane muryarki ta san abin da za ta gaya wa kicin. Daren Juma'a da ƙarfe bakwai, waya na ƙara, oda ta taru, ba lokacin wannan bayani ba ne.

Ranar da kuke marmarin nama, kuna da sa'ar wuri. A Sugar Land da kan titin Hillcroft akwai gidajen abincin 'yan Pakistan da Indiya masu naman halal da ke yin girkin Sinawa irin na ƙasashensu, su chicken Manchurian da taliyar Hakka, kuma yajinsu ya fi kusa da bakinmu. Sin kanta tana da miliyoyin Musulmi, 'yan ƙabilar Hui da Uighur, masu taliyar da ake ja da hannu a romon naman sa irin ta birnin Lanzhou, da tsiren rago. Manhajar Zabihah na taimakawa wajen nemo irin waɗannan wurare, amma ki sake tambaya da bakinki idan kin je, domin shago kan canza hannu.

Batun maigida. Farin magin nan da muka sani a kasuwanninmu shi ne dai wanda ake zargi, wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarinsa a 1908. Tsoronsa a Amurka ya samo asali daga wata wasiƙa da wani likita ya aika wa mujallar likitanci ta New England a 1968, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa yana cutar da yawancin mutane a adadin da ake ci ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana lissafa shi cikin abubuwan da ba su da haɗari. Ɗanɗanon da yake bayarwa irin wanda daddawa ke ba miyar kuka ne. Abin da ya kamata maigida ya ji tsoro shi ne gishiri. Babban cokali ɗaya na ruwan waken soya yana da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai 2,000 a yini, kuma faranti guda na naman da aka juya a baƙar miya yana iya cinye kason yinin gaba ɗaya. Ya karɓi miyarsa daban ya riƙa ɗan tsomawa, ya zaɓi farar shinkafa a kan soyayya, ya bar ƙananan ledojin ruwan soya da ake jefowa cikin jaka. Idan wani cikin yaran ba ya jituwa da gyaɗa ko riɗi ko jatan lande, ki faɗa tun kafin oda, duk ukun suna yawo sosai a wannan kicin.

Sauran biyun ba su da wuyar sha'ani. A na 'yan Meziko ki tambayi dakakken waken da ake kira refried beans da kuma fanken tortilla na fulawa, don bisa al'ada da kitsen alade ake yin su, waken charro kuma da naman alade a ciki. A gidan burga farantin ƙarfe ɗaya ake gasa nama da bacon, wato yankan naman alade, ana barbaɗa gutsattsarinsa a salak, kuma ƙullun da ake tsoma kifi kafin suya wani lokaci da giya ake dama shi.

Tukwici ba doka ce ta wajabta shi ba, amma ni ina ɗaukarsa hakki. A Texas doka ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa lissafin cewa tukwici zai cike sauran. Idan kun zauna an yi muku hidima, ku bar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin. A wurin ɗiba da kanka kashi 10 ya wadatar ga mai kwashe faranti da kawo abin sha. Idan kin je kin karɓo a leda, dala ɗaya ko biyu alheri ne. Ki riƙa duba rasit, domin wasu gidajen suna saka tukwicin da kansu idan mutane sun kai shida, kada ku biya sau biyu. Farashin da ke jerin kuma bai haɗa da harajin saye ba, wanda a yankinku yakan kai kashi 8.25. Abincin rana, daga wajen sha ɗaya zuwa uku, ya fi na dare araha sosai, sai dai wasu ba sa yin wannan rangwame ranar Asabar da Lahadi.

Farantinsu babba ne, uku za su ishe ku ku biyar, kuma ba abin kunya ba ne ki nemi mazubi ki tafi da ragowar, kowa haka yake yi. Sai dai ki kula da shinkafa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafa ta daɗe a ɗumi sai ta saki dafin da ɗumame ba ya karyawa. Ragowar ta shiga firij cikin awa biyu, idan kuma zafin gari ya wuce digiri 90 na Fahrenheit, wato 32 na Celsius, kamar yadda yake yi a Houston tsawon bazara, cikin awa ɗaya. Kada a bar ledar a mota a shiga kanti sayayya. A cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, a ɗumama har sai ta yi tururi ciki da waje.