Ku Tambayi Malam: Awo uku, amsa uku, wacce zan rubuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kemistri a nan Sakkwato. Furojet ɗina a kan ruwan rijiya ne, ina auna nauyinsa, wato yawan kalsiyam da maganiziyam da ke ciki. Na ɗebo ruwa daga rijiyoyi shida a Gagi da Mabera da Kwalkwalawa. Shekara uku ina cin jarrabawa lafiya lau, amma da aka bar ni ni kaɗai a ɗakin gwaje-gwaje sai na ji kamar ban taɓa shiga aji ba. Ruwan rijiya ɗaya na auna sau uku da EDTA, sinadarin da ake ɗigawa cikin ruwan har launinsa ya juya. Buret, wato bututun gilashi mai lambobi da ake ɗigawa da shi, ya ba ni mililita 12.4, ya ba ni 14.1, ya ba ni 13.0. Ƙawata ta ce in zaɓi ɗaya in gyara sauran biyun su matso kusa da shi, wai haka kowa ke yi. Raina bai kwanta ba, kuma ina jin nauyin komawa wurin malamin da ke duba aikina. Yaya zan yi?
Ɗalibarka daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Lambobin nan uku ki bar su yadda suke a littafinki, da biro, da kwanan wata a sama. Su ne abu na farko da kika samo da hannunki tun da kika shigo jami'a.

Bari in ba ki labarina. Lokacin da nake ɗalibi, irin wannan awon na yi, kuma sai da na kwashe mako biyu ina samun amsoshin da ko ga maciji ba sa yi da juna. Akwai wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaji, Baba muke ce masa, ba ya yawan magana. Wata rana da hantsi ya jawo kujera ya zauna bayana, ya ce in yi aikina kamar ba ya nan. Na wanke fulas, wato kwalbar gilashin da ake awon a ciki, a famfo, na karkaɗe, na zuba samfur, na fara ɗiga. Da na gama sai ya miƙo mini robar tataccen ruwa ya ce, "To, yanzu auna wannan." Na ce Baba ai wannan ba komai a cikinsa. Ya ce, "Auna dai." Na zuba shi a fulas ɗin da na wanke a famfo, na sa ɗigon launi, sai ga shi ya yi ja kamar zoɓo. Ruwan da ya kamata ya zama shuɗi nan take, sai da ya sha EDTA kafin ya juya. Ashe mako biyun nan ruwan famfon da ke maƙale a jikin fulas nake haɗawa da na rijiya ina aunawa, wata rana da yawa, wata rana kaɗan. Baba ya tashi ya mayar da kujerarsa inda ya ɗauko ta, bai ƙara cewa uffan ba.

Wannan kuskuren ya fi cizo a ƙasarmu. Ƙarƙashin Sakkwato akwai farin dutse mai kalsiyam, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, shi ya sa kuma a wasu unguwanni sabulu ke wahalar kumfa, gindin butar shayi ya yi farin ɓawo. Saboda haka bayan wankin famfo, ki ɗauraye fulas sau uku da tataccen ruwa. Buret da fifet, wato siririn bututun ɗibar samfur, kuwa, bayan haka ki ɗauraye kowanne da abin da za ki zuba a cikinsa. Kullum kafin ki taɓa ruwan rijiya ki fara auna tataccen ruwa zalla, ki rubuta abin da ya ci, ki cire shi daga sauran.

Abin da na fi zargi a naki shi ne bafa. Awon nan ba ya tafiya daidai sai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana kan 10, kuma bafan da ke riƙe shi a nan ruwan amoniya ne, mai warin nan da ke sa hawaye. Amoniya ba ta zama. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, in aka bar kwalbar a buɗe ko murfin bai kama ba, sai ta gudu, pH ya sauka. Daga nan launin ba zai juya farat ɗaya daga ja zuwa shuɗi ba. Zai tsaya yana jan ƙafa a wani launi mai kama da shanshanbale, ke kuma kina ta ɗigawa kina canki-canka. Ki tsoma takardar pH a fulas ɗin bayan kin zuba bafa. In bai kai 10 ba, a haɗa sabo.

Sauran ƙanana ne: kumfar iska da ke ɓuya a bakin buret, da karanta lamba daga sama ko daga ƙasa maimakon ido ya yi daidai da gindin lanƙwasar ruwan. Ki sa farar takarda ƙarƙashin fulas. In kin ga launi ya fara rawa, ki koma ɗigo ɗai-ɗai kina juya fulas da hannun dama, hagu na kan makunnin buret.

Yanzu ga dalilin da ya sa shawarar ƙawarki ba ta da kyau. In samfurinki mililita 50 ne, EDTA kuma mai ƙarfin 0.01, to kowace mililita ɗaya a buret daidai take da miligiram 20 a lita. Tsakanin 12.4 da 14.1 akwai miligiram 34 ke nan. Wanne za ki zaɓa, da wace hujja? Ana son awo biyu ko uku su zo da tazarar da ba ta wuce 0.10 ba, kuma hannu ne ke kawo hakan. Yau nauyin ruwa kike aunawa, wanda ba ya kisa. Gobe ana iya miƙo miki ƙasa ko ruwa a ce ki nemo dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, kuma awon jini da na ƙasa ne ya bayyana abin da ke kashe su. Wanda ya saba gyara lamba a furojet, ban ga ranar da zan yarda da takardarsa a irin wannan wurin ba.

Malaminki kuwa, ki je da littafin a hannu. Mu malamai mun fi tsoron ɗalibin da ya kawo 13.00 sau uku a ranarsa ta farko. Kuma ki riƙa gaida ma'aikatan ɗakin gwajin da kyau, ki tambaye su. Sun san wace kwalba ce ta kwana biyu, wane buret ne ke yoyo, abin da ba a rubuta a kowane littafi ba.

TAMBAYA: Malam, ina tatsar mai daga 'ya'yan dogon yaro da na'urar Soxhlet. An ce in yi awa shida, amma wuta na ɗaukewa a tsakiya. Zan iya ɗorawa a kan risho? Kuma hekzen, sinadarin da ke narko man, ya ƙare, akwai wani sinadarin mai suna ita (ether) a ɗakin, in yi da shi?
Ɗalibi daga Runjin Sambo

AMSA: Risho kam a'a, ɗana, ko gas, ko duk abin da ke da harshen wuta. Tururin hekzen ya fi iska nauyi, yana bin saman tebur ya tarar da wuta inda take. Sinadarin ita kuma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Hekzen sai ya kai wajen digiri 69 yake tafasa, ita kuwa a 35 take tafasa, ka ga da azahar ɗin bazara a Sakkwato ɗakin kansa ya ishe ta murhu. Ka jira a kawo hekzen.

Batun awa shida, ka daina kallon agogo kaɗai. Ka riƙa ƙirga sau nawa ruwan ya cika ya zubo ta siririn bututun gefe, kana jan layi a littafi. In wuta ta ɗauke ka rubuta lokacin, ka bar ruwan sanyaya yana gudu, ta dawo ka ci gaba daga inda ƙirgarka ta tsaya. Da farko za ka ga abin da ke zubowa rawaya ne, in ya koma garau kamar ruwa, man ya gama fita. Ka tabbata ruwan sanyaya ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama, kuma in na tanki ne da ya sha rana, ka sayo ƙanƙara ka jefa a bokiti, in ba haka ba rabin hekzen ɗinka ta saman na'urar zai tsere.