Tambayoyinku kan fasaha: batir ne ya mutu, ko famfon mai ne ya kwantar da motar?

Wannan fili na waya da kwamfuta ne, amma a makon nan saƙonni uku suka shigo kan manyan motocin Lexus. Na karɓe su, domin rabin amsar tana cikin wayar da ke aljihunku.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Lexus RX 400h ƙirar 2007, 'yar Kwatano. Wata biyu ke nan tana shaƙewa idan na taka totur a hawa. Ranar Juma'a ta mutu mini a hanyar Zariya. Na yi ta murɗa makulli, inji ya yi kamar ya tashi, bayan ɗan lokaci ya mutu. Na maimaita ya fi sau goma. Yanzu ko rubutun READY, mai nuna mota ta shirya tafiya, ba ya fitowa. Bakanike ya ce babban batir ne ya mutu, in kawo kuɗin wani. Mene ne shawara? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba da kuɗin batir tukuna. Yadda ka ba da labarin, zargina ya fi karkata ga famfon mai, kuma ina jin murɗa makullin nan da ka yi ta yi ne ya zuƙe batirin.

Motarka haibirid ce, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki, ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da altaneta. Akwai injin lantarki a cikin giyarta, wanda masu ƙera ta ke kira MG1, shi ke juya injin fetur har ya kama, kuma daga babban batirin da ke ƙarƙashin kujerun baya yake jan wuta. Batirin nan bolt 288 ne. Yana juya injin da ƙarfi da sauri, ta yadda kunne zai ji kamar mota ta tashi, alhali ko ɗigon mai bai ƙone ba. Wannan shi ne "ya yi kamar ya tashi" da ka ji. Idan kwamfutar motar ta ga inji bai kama ba sai ta haƙura ta tsayar da shi. Kowane gwaji yana cin wani kaso na cajin batir, kuma babu abin da zai mayar masa da cajin sai injin da ya ƙi tashi. Sau goma ba kaɗan ba ne. Da zarar caji ya sauka ƙasa da wani mataki, kwamfuta takan ƙi ba da READY gaba ɗaya don ta kare batirin. Batirin da ya zuƙe daban, batirin da ya mutu daban, amma daga waje kamanninsu ɗaya, kuma nan ne mutane ke asarar maƙudan kuɗi.

Shaƙewar da take yi a hawa tun wata biyu ita ce ta fi jan hankalina. Famfon mai yana cikin tanki, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu mun koma zuba lita biyar, lita goma, allura kullum tana kwance a ja. Famfo yana zafi, yana kuma tsotsar dattin da ya kwanta a gindin tanki. Ƙara da man 'yan bumburutu na jarka, wanda ba ka san ruwa da yashin da ke ciki ba. Famfon da ya gaji yakan iya ciyar da inji a tsaye ko a tafiyar cikin gari, sai an nemi ƙarfi asirinsa ke tonuwa.

Ga yadda zan bi abin da ni ne. Da farko a auna ƙaramin batir mai bolt 12. Shi ke kunna kwamfutocin motar, shi ke haɗa layin babban batir, idan ya yi sanyi ba za a ga READY ba ko da komai lafiya lau. Ya kamata ya nuna 12.4 zuwa 12.6 a hute. Sannan a karanta lambobin matsala da kwamfutar motar ta adana kafin kowa ya goge su. P3190 tana nufin inji ba shi da ƙarfi, P3191 inji ya ƙi tashi, P3193 mai ya ƙare, P0A0F kuma ɓangaren haibirid ne ke ƙorafin ya juya inji bai kama ba. Idan waɗannan ka gani, bakin zaren yana wajen mai. A duba fiyus da rile na famfon, sannan a kunna famfon da Techstream, manhajar Toyota ta duba mota, a laftof, a sa ma'auni a layin mai. Injin 3MZ-FE da ke motarka yana son matsin mai tsakanin 44 da 50 psi.

Idan an gyara famfo amma babban batir ya yi ƙasa, jona waya daga wata mota ba ya cika shi, ƙaramin batir kawai yake taimaka wa. Akwai caja ta musamman da masu gyaran haibirid ke da ita. Ka nemi mai irin wannan caja, kuma don Allah kada a sake murɗa makullin nan har sai an tabbatar mai yana isa inji.

Na taɓa tsayawa a wani gareji na ga an sauke batir ɗungurugum daga irin wannan mota an ɗora wani. Mai motar yana tsaye yana murna, aka murɗa makulli, inji ya yi gurnaninsa na daƙiƙa kaɗan ya yi shiru. Aka sake, aka sake. Ina kallon sabon batirin yana bin hanyar na farko. Da aka buɗe tanki, ragar da ke bakin famfon ta toshe da wani baƙin laka kamar kwalta. Abin ya daɗe yana damuna, domin batirin da aka cire wataƙila lafiyarsa ƙalau.

Tambaya: Malam, RX 450h ɗina ta 2012 ta fara rubuta "Check Hybrid System". Fankar baya tana ƙara sosai, ta ƙara shan mai, kuma alamar batir a allo takan cika nan da nan ta sauka nan da nan. An ce da waya ma ana iya duba ta. Gaskiya ne? Wata mai karatu daga Abuja.

Amsa: Gaskiya ne Hajiya. A ƙasan sitiyari akwai wani soket mai rami 16, sunansa OBD2. Za ki sayi ƙaramar na'ura irin ELM327 ki soka a ciki, ta haɗu da wayarki ta Bluetooth. Sai ki sauke manhaja kamar Dr. Prius ko Car Scanner. Ki guji na'urorin nan masu arhar banza, da yawansu jabu ne, za su karanta inji amma su kasa shiga kwamfutar batir. Idan iPhone gare ki, ki tabbatar an rubuta cewa na'urar tana aiki da ita kafin ki biya.

A wannan karon kam alamun da kika lissafa na batirin da ya tsufa ne. Cika da sauri da sauka da sauri yana nufin cikinsa ya ƙanƙance. Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan gidaje 240 ne masu bolt 1.2 kowanne, an jera su rukuni-rukuni. Manhajar za ta nuna miki wutar kowane rukuni. Ki sa wani ya tuƙa, ke ki riƙe waya ki lura lokacin da aka taka totur. Idan rukuni ɗaya yana faɗuwa ƙasa da 'yan uwansa da kusan bolt guda ko fiye, gida ɗaya ya mutu a cikinsa, kuma lambar P0A80 ko P0A7F za ki gani. Ki ɗauki hoton allon wayar kafin a goge komai, shi ne shaidarki a gaban mai gyara.

Kafin maganar sauya batir, ki leƙa ramukan iska da ke ƙasan kujerun baya. Daga nan fanka ke jan iskar cikin mota tana sanyaya batirin. Ƙurar hunturu, leda, takalman yara, dardumar da aka shimfiɗa har ta rufe ramin, duk suna shaƙe shi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. A wanke fankar, a riƙa kunna na'urar sanyaya mota, a daina barin ta kwance wata da watanni ba a tayar ba.

Za a ce miki a canza rukunin da ya mutu kawai. Yana aiki, yana da sauƙin kuɗi, amma sauran duk sa'anninsa ne, don haka ki ɗauke shi a matsayin sayen lokaci. Duk wayar lantarkin da kika gani mai launin ruwan lemo a motar nan ta babbar wuta ce, tana kisa. Kada ki yarda mai wayarin ɗin unguwa ya taɓa ta ba tare da ya cire filogin tsaro da ke yanke wutar babban batir, ya jira aƙalla minti goma, ya sa safar hannu ta masu aikin lantarki ba.

Tambaya: Na ji an ce kamfani ya taɓa janye motoci saboda famfon mai. Tawa RX 350 ce ta 2019 daga Amurka. Ta shafe ni? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Tana iya shafarka. A 2020 Toyota, mai ƙera Lexus, ta yi kiranyen motoci sama da miliyan uku a Amurka saboda famfon mai ƙirar Denso, wanda farfelarsa ta roba kan kumbura ta cije, mota ta mutu ana cikin tafiya. RX 350 ta waɗannan shekaru tana cikin jerin. Ka kwafi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka shiga sashen kiranye na shafin hukumar NHTSA ta Amurka a wayarka, ka saka ta. Idan shafin ya nuna ba a yi gyaran ba kafin a loda motar a jirgi, ka sa a canza famfon da na asali tun kafin ka ɗau hanyar Abuja da iyali.