Tambayoyinku: kati na zurarewa, kuma an buɗe waya da yatsan mai barci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai wanga abu ya ishe ni. Na sa katin dubu ɗaya da marece, ban kira kowa ba in ban da direban da ya kai min albasa Jega, da safe na duba saura ɗari shida da wani abu. Data ma hakanan, in na sayi ta wata ba ta kai sati biyu. Yara sun cika wayar da wasanni da wata manhaja wai mai share datti, amma duk kyauta anka sauke su. Mi ke shan kuɗin?
Daga wani ɗan kasuwar albasa, Aliero

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abu biyu ne suka haɗe maka, mu fara da katin. Galibi irin wannan cirewar ta naira hamsin yau, ɗari gobe, rajistar wasu ƙananan hidimomi ce da ake maƙala wa layi, waƙar kira, labarin ƙwallo, hasashen yanayi da sauransu. Yaro yana tsakiyar wasa talla ta faɗo, ya danna don ta kauce masa, ashe amincewa ya danna, shikenan kullum sai an yanka. Ka danna *305# a layin, lambar da hukumar sadarwa NCC ta ware kenan wa duk kamfanoni don tsayar da irin waɗannan, sannan ka tura STOP zuwa 2442 saƙonnin talla su daina shigowa. In an ci gaba da cira ka kira kamfanin layinka, in sun yi ta ja maka rai ka kira 622, layin koke na NCC ne kuma kyauta. Kuma ka tuna duk taransifar da ka yi da lambar banki ta tauraro akwai naira 6.98 a kanta, mai kasuwa irinka da ke yi sau da yawa a wuni zai ji a jikinsa.

Data kuwa, wasan nan na kyauta talla yake sayarwa, kuma bidiyon tallar da datarka ake sauke shi, wato kai ke biya a tallata maka abin da ba za ka saya ba. Ita manhajar share datti ni a ganina goge ta kawai, wayar zamani tana da nata mai sharewa a ciki, waccan tana zaune a bayan fage tana cin batir tana jawo talla. Ka shiga setin ɗin waya wajen lissafin data, za ka ga jerin manhajoji da abin da kowace ta sha a wata, nan za ka kama ɓarawon da idonka. A Play Store ka hana sabunta manhajoji kai tsaye, a WhatsApp ka hana bidiyon guruf sauka da kansa, Facebook ma ka hana bidiyo tashi kafin ka taɓa. Kar ka manta kuma tun Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, don haka ko ba ɓarawo kuɗin da ka saba sawa ba zai kai ka inda yake kai ka da ba.

Tambaya: Malam na ranci dubu goma a wata manhajar bashi, dubu takwas da ɗari biyar sunka turo, na yi lattin kwana uku sai ga saƙo ya je wa surukata da malamin islamiyyar ɗiyana wai ni macuciya ce. Ina sunka samu lambobinsu?
Daga wata mai ɗinki, Tudun Wada, Gusau

Amsa: Hajiya sannu, Allah ya rufa asiri. Ke kika ba su ba tare da kin sani ba, ranar da kika sauke manhajar ta nemi izinin ganin lambobin wayarki da hotuna kika danna eh, a take ta kwashe. Wannan shi ne jinginar da suka riƙe, shi ya sa ba su nemi shaida ko takarda ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta kai samame ofisoshin irin waɗannan a Legas a 2022, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store neman lambobi da hotuna, amma wadda aka tura miki ta Xender ko ta wani link a WhatsApp ba ta bi ta wannan ƙofar ba. Ki ɗauki hoton saƙonnin ki kai ƙara FCCPC, ki shiga setin ki janye izinin, ki biya abin da ke kanki ki goge ta. Goge manhaja baya goge bashi fa.

Tambaya: Malam ina da shagon POS. Wayata da yatsa nake buɗe ta, manhajar banki ma da yatsa. Ran Juma'a na kwanta bayan sallah, da na tashi na tarar an fitar da kuɗi zuwa wani asusu, daga baya ta tabbata wani yaron gidanmu ne ya ɗora yatsana ina barci, har alat ɗin ya goge. Ni da nake ganin yatsa ya fi lamba tsaro tunda babu mai irin nawa. In koma buɗewa da fuska?
Daga wani mai POS, Birnin Kebbi

Amsa: Ɗan uwa Allah ya mayar da alheri, amma kar ka koma fuska tukuna. Gaskiya ne ba mai zanen yatsa irin naka, matsalar ita ce wayar ba ta san kana farke ko kana minshari ba, ba ta san da son ranka ka ɗora ko wani ne ya murɗe maka hannu a hanya ba. Lambar sirri tana cikin kanka, sai ka faɗa. Yatsa kuwa yana waje, kana barin tambarinsa a kofin shayi da gilashin wayar kanta.

Kuma ba yau aka fara karya tsaron yatsa ba. A 2013 da Apple ya fito da iPhone 5s mai buɗewa da yatsa, cikin 'yan kwanaki wata ƙungiyar masana kutse ta Jamus, Chaos Computer Club, ta ɗauki tambarin yatsa daga jikin gilashi ta haɗa na roba ta buɗe wayar. A 2014 ɗaya daga cikinsu ya nuna ya zana yatsan ministar tsaron Jamus ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotunan da aka ɗauke ta kawai. A 2019 Samsung ya amsa cewa Galaxy S10 tana iya buɗewa da yatsan kowa in an sa mata wata irin robar kariya a gilashinta, sai da suka turo gyara. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na 2015, da aka yi kutse a ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka aka kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6. In makullin shago ya ɓace kwaɗo za ka canza, to waɗannan mutanen wane yatsa za su canza? Mu ma nan yatsunmu suna BVN suna NIN, shi ya sa nake jin haushin yadda mutane ke miƙa hannu ga duk wanda ya kafa tebur da na'ura a bakin kasuwa ya ce tallafi ake rabawa.

Fuska kuma kala biyu ce. Ta iPhone tana auna zurfin fuska da wasu ɗigogin haske, Apple da kansa ya ce yiwuwar baƙo ya buɗe ɗaya ce cikin miliyan, ta yatsa ɗaya cikin 50,000, amma ya yarda tagwaye da 'yan uwa masu kama da yara 'yan ƙasa da shekara 13 lissafinsu daban ne. Mafi yawan wayoyin Android masu sauƙin kuɗi da ke hannunmu kuwa kyamarar gaba ce kawai ke kallonka, wasunsu hoto ma yana yaudararsu. Pixel 4 ta Google da ta fito a 2019 har mai ido a rufe take buɗe wa, wato da ita ce a hannunka yaron nan ko taɓa ka ba sai ya yi ba.

Ga kuma ɗaya ɓangaren na yatsa, waya ta ƙi mai ita. Manomin shinkafa a fadamar Argungu da hannunsa ya sha laka da lauje, ko mace mai sabon lalle, ko kowa ma in hunturu ya busar da fata, sai ka ga ana ta goga yatsa a riga waya ta ƙi. Ai a zaɓen 2015 na'urar tantancewa shugaban ƙasa na lokacin Jonathan da kansa ta ƙi karantawa a mazaɓarsa.

Abin da zan ce ka yi, yatsa ya tsaya a buɗe waya in kana so, amma ka cire shi daga manhajar banki, fitar da kuɗi sai da lamba, kuma lambar ta bambanta da ta buɗe waya, ba shekarar haihuwa ba, ba 1234 ba. Ka shiga setin ka duba yatsu nawa aka yi wa rajista, don duk wanda ya taɓa leƙen lambarka zai iya ƙara nasa, kuma wasu manhajojin duk yatsan da waya ta karɓa suna karɓa. In za ka kwanta ko za ka hau hanya mai hatsari ka kashe wayar ka kunna, ba za ta karɓi yatsa ba sai an sa lamba. Sannan ka sa wa sim ɗinka fin, wato lambar sirri ta kulle shi, saboda ɓarayin waya da yawa ba su damu da yatsanka ba, sim suke zarewa su sa a ƙaramar waya su gwada lambobin banki. Ka kula dai, kuskure uku a fin ɗin sim yana kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin katin da ka sayi layin, in ka yar da katin sai ka je ofishinsu da NIN ɗinka.