Amsa ga mai son kai baƙo wurin tsohon sha'iri

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka kai abokinka marubuci ya gaida dattijon nan mai waƙoƙin ajami a ƙauyensu na ƙasar Ringim, amma kullum sai iyalinsa su ce "Baba ba ya jin daɗi". Mu ma da wannan amsar ake sallamar baƙi a gidan namu dattijon, kuma ban ga laifinsu ba.

Masu zuwa da sunan bincike su suka ɓata hanya. Mutum ya zo, a shimfiɗa masa buzu, a dama masa fura, a kwance gafaka a fito da takardun da aka daɗe ana karewa daga gara da yoyon ɗaki, ya ce zai kai birni a yi musu hoto ya dawo da su. Shi ke nan, waya ta daina shiga. Ga ido ya raunana, babu halin sake rubutawa, hadda kuma tana zubewa. Tsoho ya ɗauko baiti ya kai tsakiya ya tsaya yana laluben ɗango na gaba, 'ya'yansa suna kallo. Wanda ya yi mana haka, Allah ya isa!

Saboda haka ka bar kiran waya. Ka je da ƙafarka, kai kaɗai, ka sami babban ɗansa ko almajirin da ke karanta masa, ka ce gaisuwa ce zalla, ko warƙa ɗaya ba za ta bar zaure ba. Su za su sa rana. Ban da Juma'a, ban da Lahadi, don masu kama shi su fito da shi duk sun tafi kasuwar Gujungu. Ku isa da hantsi, wajen ƙarfe 10, ku tashi kafin azahar. Kada ku wuce mutum uku.

Tsaraba kuwa turare, sabulu da yadin shadda sun isa. In za ku kai goro ku haɗa da magogi saboda haƙori. A tambaya ko yana da ciwon suga kafin a sayi lemo. Kuɗi sai wajen sallama, a danƙa masa a hannu, ba a gaban jama'a ba.

Ka ja wa abokinka kunne: ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa ta gefen kunnen da Malam ya fi ji, kada ya fito da rikoda, kuma ko an karya kari kada ya gyara. In ya haddace baiti ɗaya na Malam ya rera a hankali, sau da yawa da kansa zai karɓe.

Af, in Agusta ko Satumba ne a tambayi hanya tukuna, kogin Haɗeja kan yi ambaliya. Takardu kuma sai a zuwa na biyu, in ya yarda, a ɗauke su da waya nan gabansa shafi-shafi, a buga a kawo masa nasa.