Kwashe kaya daga tsohuwar laftop zuwa sabuwa: amsoshin tambayoyinku

Malam, yayana ya saya min sabuwar laftop. Furojet ɗina na shekarar ƙarshe da hotunan mahaifinmu marigayi duk suna cikin tsohuwar, ga batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta take ɗaukewa. Tsoro nake kada komai ya salwanta. Ta ina zan fara? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa. Kwantar da hankalinki 'yata, muddin tana kunnuwa kayanki na nan. Ki kai ta inda ake da sola, don kada wuta ta yanke miki aiki a tsakiya. Kafin komai, tura furojet ɗin cikin Google Drive ɗinki, wato ma'ajiyar Google ta intanet. Giga 15 suke bayarwa kyauta, takardun rubutu kuwa ba sa cin data sosai. Daga nan ki buɗe rumbun C, wato babbar ma'ajiyar kwamfutar, ki shiga foldar Users, sannan wadda ke ɗauke da sunanki. Nan za ki tarar da Desktop da Documents da Pictures da Videos da Downloads. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, alhali nan rasit ɗin kuɗin makaranta yake kwance. Idan akwai rumbun D, shi ma ki leƙa.

Kwafa za ki yi zuwa filash ki kai sabuwar, ban ce ki yanke ba. Hotunan Baba kuma wuri biyu za ki ajiye su, ko uku. Kada ki goge ko tsinke a tsohuwar sai kin yi mako biyu kina buɗe kayanki a sabuwar kina ganin lafiyarsu lau.

Na ga filash mai cin tera 2, kuɗinsa bai kai na kaza ba. Shi nake so in kwashe kayana da shi. Ya ka gani? (Wani matashi daga Kano)

Ƙanena, ka taɓa ganin inda banza ta kai zomo kasuwa? Jabu ne, ko ba ka nuna min shi ba. Je ka tambayi kuɗin filash mai giga 64 na gaskiya, sannan ka tuna tera 2 ya ninka shi fiye da sau 30.

Ga yadda ake haɗa damfarar. Cikin kowane filash akwai ɗan ƙaramin sashe da ke gaya wa kwamfuta girmansa. Shi ake sa wa ƙarya. Kwamfuta ba ta da bakin musu, abin da aka faɗa mata shi za ta nuna maka. Ainihin cikinsa kuwa bai wuce giga 8 ko 16 ba. Da farko lafiya lau yake karɓa, har ka fara yabon mai shago. Da ya cika, sai sabon kaya ya riƙa danne tsoho, ko ya tafi inda babu komai, kamar mai zuba ruwa a kwando. Mugun abin shi ne sunayen fayilolin suna nan jere, sai ka danna su ƙi buɗewa.

Da idona na ga wani dattijo ya zo wurin mai gyara da irin wannan filash a cikin leda, ya naɗe shi da hankici kamar zinare. Hotunan aikin Hajjinsa da na auren 'ya'yansa uku ne a ciki, tsohuwar kwamfutar kuma ya riga ya sayar. Aka yi ta dannawa, na farko-farko ne kawai suka buɗe. Shiru ya yi, ya ɗauki hularsa ya fita.

Abin da ke ɗaure min kai, mutum zai zuba dubban ɗaruruwa ya sayi laftop, ya ƙara da jaka da linzami mai fitila, amma wurin abin da zai ɗauki wahalarsa ta shekara goma yake neman arha. Kada sunan SanDisk ko Kingston a jikin kwali ya ruɗe ka, har kwalin bugawa ake yi. Ka saya wurin mai shagon da za ka iya komawa gobe ka same shi, ka karɓi rasit. Kafin ka zuba komai, ka gwada shi da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw: cika shi take yi fal, ta sake karantawa, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Tana ɗaukar sa'o'i, ka yi haƙuri da ita.

Ko na gaskiyar ka samu, idan bidiyo ɗaya ya haura giga 4 ya ƙi shiga, tsohon tsarin ajiya mai suna FAT32 ne a kansa. Ka mayar da shi tsarin exFAT, mai ɗaukar manyan fayiloli, tun yana wayam, don sauyawar goge komai take yi. Kuma filash ɗin da ya saba yawon shagunan buga takardu, ban yarda ya taɓa sabuwar kwamfuta ba sai an bincika ko yana ɗauke da bairos.

Na kwafo Word da CorelDRAW daga fuskar tsohuwar na zuba a sabuwar, sun ƙi aiki. Ko an cuce ni a sayen? (Wani mai shago daga Jos)

Ba wanda ya cuce ka, Malam. Allon shago ka ciro ka bar shagon. Waɗannan 'yan hotunan nuni kawai suke yi, manhajoji sai an sake girka su. Saituttuka ne ke bin mutum: shiga Chrome da asusunka na Google a tsohuwar ka kunna daidaitawa (Sync), ka shiga da asusun a sabuwar, kalmomin sirrinka su same ka a can. Manhajar Windows Backup kuma, da asusun Microsoft, tana maido hoton fuska da Wi-Fi da harshe. Kada ka ɓata lokaci neman Windows Easy Transfer na zamanin Windows 7, tun Windows 10 aka cire shi. Masu Mac su nemi Migration Assistant.

Tawa ta mutu murus, ko fitila ba ta kawowa. (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Sau da yawa rumbun na nan da ransa. A ciro shi a gabanka, a sa shi cikin ɗan gidan da ake jonawa ta USB. Idan ya nemi mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, wato makullin da Windows ke kulle rumbu da shi, duba asusunka na Microsoft.

Zan sayar da tsohuwar. Na goge hotunana, na zubar da kwandon shara. Ya isa? (Wata uwargida daga Kaduna)

Bai isa ba, Hajiya, yaron shago ma zai iya dawo da su. Ki shiga Reset this PC, ki zaɓi Remove everything, ki kunna zaɓin wanke rumbun gaba ɗaya, ki bar ta a jone ta kwana tana yi. Idan Windows 10 ce kuma ba ta ɗaukar 11, mai saye zai taya da rauni, don tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum. Ni da ni ce, yara zan bar wa su koyi bugun rubutu.