Agogo da wuƙa a akwati ɗaya, da maganaɗisu a tsakani?

Tambaya: Salam malam. Ina tara agogunan hannu, yanzu sun kai 9, uku otomatik sauran na batir. Ina kuma da wuƙaƙe 6 da nake so in haɗa musu akwatin katako da hannuna, agogo a sama wuƙa a ƙasa, in sa maganaɗisu ya riƙe wuƙaƙen kar su dinga karo da juna. Akwai matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Akwatin kam a yi shi, amma maganaɗisun nan cire shi daga lissafi tun yanzu. A cikin agogo otomatik akwai wata siririyar waya a nannaɗe kamar gashi, ita ke daidaita bugun agogon, to da ta sha maganaɗisu sai zagayenta su dinga mannewa da juna, ta gajarce, agogo ya kama gudu, kana zaune ka ga ya wuce ka da mintuna a wuni ɗaya ka ce ai injin ne ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin ISO 764 da ake cewa agogo na jure maganaɗisu wajen gauss 60 ne kacal (gauss shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), ƙananan maganaɗisun neodymium da ake binnewa a katako kuwa a jikinsu sun haura dubu. Rolex ta fitar da agogon Milgauss a 1956 don ya jure gauss 1,000, Omega ta kai 15,000 a 2013, amma dai ban jin irinsu ne a hannunka. Kuma wuƙar kanta in ta daɗe a manne tana ɗaukar maganaɗisun. In kana zargin wani cikin agogunan otomatik ɗin ya riga ya kamu, kara shi kusa da kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, in allurar ta motsa kai wa mai gyara, cirewa aikin minti ɗaya ne.

Abin da zai riƙe wuƙa shi ne tsaga. Ka yanka wa kowace nata gurbin da zarto a jikin katako mai laushi, yadda kaifin ba zai taɓa ƙusa ko wata wuƙar ba. Mutanen Japan da itacen magnoliya suke yin kuben wuƙa saboda laushinsa, ba ya dakushe kaifi. Katakon oak kuwa guje shi ta ciki, sinadarin tanin ɗinsa na sa ƙarfe ya yi baƙi ya fara tsatsa in akwai laima. Katakon ya bushe sosai kafin ka fara, in ka shafa banish bar shi a buɗe sai warin ya fita gaba ɗaya, sannan kar ka liƙa komai da silikon ɗin nan mai warin tsami, asid yake fitarwa yayin bushewa.

Ni da ni ne ma akwati biyu zan yi wallahi, don wuƙa na son ɗan shafen mai, madaurin agogo na fata kuma ba ya shiri da maiƙo. In ka nace sai ɗaya, raba su da durowa, ka jefa ƙunshin silika mai shanye danshi a kowace. Kar ka ajiye wuƙa cikin kuben fata, fata na riƙe danshi. Agogunan batir ɗin kuma duk wanda ya tsaya a cire masa batir da wuri kafin ya zubo ruwa ya cinye injin.