Filin Tambaya da Amsa: Ko Zan Iya Tura wa Ƙwaƙwalwar Motata Umarni da Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Fitilar gargaɗin inji ta kama a motata, sai na sayi ƙaramar na'urar ELM327 mai karanta bayanan mota, na haɗa ta da wata manhaja a wayata. Na ga wurin da ake rubuta umarni a tura wa ƙwaƙwalwar motar kai tsaye. Shin akwai hatsari idan na gwada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hatsarin ya danganta ne da irin umarnin, domin akwai wanda tambayar motar kawai yake yi, akwai kuma wanda yake sauya abin da ke cikinta.

Ramin da ka jona na'urar a ƙasan sitiyari, mai haƙora 16, shi ne OBD-II, wanda aka wajabta wa motoci a Amurka tun 1996. Idan ka rubuta 010C, kana tambayar saurin juyawar inji ne, kuma motar za ta iya mayar maka da amsa kamar 41 0C 0B B8. Lambobi biyun ƙarshe, wato 0B B8 a haɗe, idan aka mayar da su lissafin yau da kullum, 3000 ne, a raba gida huɗu ya zama juyi 750 a minti, wato injin yana aiki mota na tsaye. Haka 0105 yake kawo zafin ruwan inji, 03 kuma ya fito da lambobin matsalar da aka adana. Waɗannan duka ka tura su hankalinka kwance.

Inda nake so ka yi hattara shi ne 04, mai share lambobin. Fitilar za ta mutu, ka ɗauka an gama, alhali abin da ya lalace yana nan daram. Bugu da ƙari, umarnin yana goge bayanan da motar ta ajiye a daidai lokacin da matsalar ta auku, waɗanda su ne bakanike zai bi ya gano bakin zaren. Saboda haka ka rubuta lambar a takarda tukuna. P0300, alal misali, tana nuna cewa silinda na tsallake wuta.

Amma umarnin da ke sake rubuta saitin ƙwaƙwalwar, ko mai taɓa birki da jakar iska, ban ba ka shawarar kusantarsa da wannan na'ura ba, musamman da yake jabunta sun yi yawa (kamfanin da ya ƙirƙiro ta bai taɓa fitar da samfurin 1.5 da ake yawan gani ba). Idan sadarwa ta yanke ko batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutu, motar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Ka yi gwajinka mota na tsaye, kuma idan ka gama ka zare na'urar, domin ramin yana ba ta wuta ko an kashe mota, tana iya shanye maka batir idan motar ta daɗe a ajiye.